Amsa ga mai son cire akwatin sitiyari ya sa rak

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya yi tambaya ɗazu kan Fiat 500 ɗinsa ta 1970, wai yana so ya cire akwatin sitiyarin ya sa rak, wato sandar nan mai haƙora da sitiyari yake turawa hagu da dama ta juya tayoyi, a gaya masa rak ɗin wace mota ce za ta shiga. Na ga mutum uku sun riga sun jero masa sunayen motoci. To ni ba nan zan fara ba, don ni abin da na ji a maganarka, ƙanena, ba rak kake nema ba. Kai da bakinka ka ce motar tana yawo a kan titi, sai ka yi ta kaɗa sitiyari hagu da dama kafin taya ta amsa. Wannan ita ce matsalarka. Wani ne kawai ya ce maka rak shi ne maganin, ka riƙe.

Bari in tambaye ka, ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar nan wani yana girgiza maka sitiyari? Kada ka ɗaga ta a jak, ka bar nauyinta a kan tayoyinta. Mutum ɗaya ya zauna yana motsa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka ɗora hannunka a kan kowace gaɓa. Ita 500 sanduna uku gare ta, ɗaya a tsakiya, biyu gajeru a gefe da ake ce wa tayarod, su suke tura taya, kowace sanda da gaɓa biyu, ɗaya a kowane kai, ka ga gaɓoɓi 6 ke nan. Ga hannun nan na ɗaya ɓangaren da yake rakiyar hannun akwati, wanda shi ba ya tuƙa komai, riƙe sandar tsakiya kawai yake yi a kan bushin. Ga kimfin, wato ƙarfen da taya take juyawa hagu da dama a kansa. Ga boris ɗin taya. Kowanne ya ba ka wasa ɗan ƙanƙane, kafin ya iso hannunka ya taru ya zama abin tsoro, sai a ɗora wa akwati laifin duka. Wallahi sau da yawa bushin wancan hannun ne ya mutu, ko kimfin da aka shekara ba a ba shi giris ba. Kuma ka lura, kimfin da boris ba ruwansu da rak. In ka sa sabon rak a kan mataccen kimfin, motar za ta ci gaba da yawonta.

Shi kansa akwatin ana ɗaure shi. Amma a tsakiya ake yi, tayoyi suna kallon gaba sak, domin haka aka ƙera shi: ya matse a tsakiya, ya ɗan saki a gefe. Wanda bai sani ba sai ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ya ji wasa, ya danna noti har wasan ya ɓace, in ya dawo tsakiya sai ya ji ya cije, kwana kaɗan haƙoran sun cinye juna. Sannan ka duba ko akwai mai a ciki ma. Na buɗe akwatuna da dama na tarar da su a bushe ƙayau, sai tsatsa.

To, amma kar a ce na ƙi rak. Ban ƙi shi ba. Rak abu ne mai kyau, kuma ba sabon abu ba ne yadda wasu suke ɗauka. Citroën 2CV da Morris Minor duk a 1948 suka fito, kuma da rak suka fito. Mini ta 1959 ma haka. Gaɓoɓinsa ba su da yawa, 4 ne kawai, biyu a ciki biyu a waje, ba hannun rakiya, abin da ka murɗa shi taya take ji kai tsaye. Sai dai duk waɗannan motocin, tun a takarda aka zana ƙafafunsu da rak a zuciya. Taka kuwa da akwati aka zana ta. Bambancin ke nan, kuma shi ne abin da masu jero maka suna ba su faɗa ba.

Ka dubi Volkswagen. Su da suka yi Beetle, da duk injiniyoyinsu, ba su taɓa ɗora rak a kan waccan tsohuwar ƙafar gaba mai bututu biyu ba, har suka daina yin motar. Wadda ta samu rak ita ce Beetle 1303, kuma sai a samfurin 1975, bayan sun riga sun canja ƙafar gaban gaba ɗaya zuwa mai shokozoba da sifirin a haɗe. A'a, bari in gyara, kar wani ya kama ni: canjin ƙafar tun a Beetle 1302 aka yi shi, wajen 1970, kuma ita 1302 ɗin da akwati ta zo, har farkon 1303 ma akwati ne. Rak ɗin ne ya zo a ƙarshe. Abin da nake nufi dai, kamfani da kansa bai ɗauki abin a matsayin cire wannan ɗaura wancan ba.

Dalilin shi ne wannan, ka saurara da kyau don nan ne ran maganar. Taya ba a miƙe take hawa da sauka ba, a lanƙwashe kamar baka take tafiya, tana lilo a kan hannun da ya riƙe ta. Tayarod shi ma lilo yake yi a kan gaɓarsa ta ciki. In bakan nan biyu suka zo ɗaya, taya za ta hau ta sauka tana kallon inda take kallo. In suka saɓa, duk sanda tayar ta hau tudu ko ta faɗa rami, tayarod zai jawo ta ciki ko ya tura ta waje, kai kuma kana riƙe da sitiyari ƙam ba ka motsa ba. Motar ce take tuƙa kanta. Abin da yake haɗa bakan nan kuwa abu uku ne: tsawon jikin rak ɗin daga gaɓar ciki zuwa gaɓar ciki, tsayin inda ka ɗaura shi, da tsawon tayarod ɗin. A mota mai hannun sama da na ƙasa, gaɓar ciki ta tayarod tana so ta faɗo kusa da layin da ya haɗa gindin hannun sama da gindin hannun ƙasa. Taka kuma akwai ƙarin rikici, don ba ta da hannun ƙasa na ƙarfe sandararre, sifirin nan mai ganye da ya gitta gaban motar shi ne hannun ƙasanta, kuma yana lanƙwasawa. Milimita kaɗan sama ko ƙasa, za ka ji shi a kan hanya. Ba aikin ido ba ne.

Ni abin ya same ni, shi ya sa kuka ji ina ɗaga murya. Ina da Beetle a lokacin, mai tsohuwar ƙafa. Wani mai walda da yake ganin ya iya komai ya ce min in kawo ta, yana da rak ɗin wata ƙaramar motar Japan, kwana biyu ya gama. Na ce masa ka auna? Ya ce shi shekararsa nawa yana wannan aiki. Ya yanko ƙarfe, ya kafa rak ɗin inda ya samu wuri, ba inda ya kamata ba, inda ya samu wuri kawai, don tankin mai yana sama ya tare shi. Rak ɗin ya yi wa motar faɗi, sai ya guntule tayarod ya mayar da su 'yan gajeru. Aka yi alamen, wato saitin tayoyi, motar tana tsaye, komai daidai. A cikin gari a hankali, daɗi kamar me, da yatsa biyu kake juyawa. Ran da na hau babban titi da iyalina a baya, na taka wata 'yar gargada a bakin gada, motar nan ta yi tsalle gefe ɗaya kamar an hankaɗe ta, har sai da na ci layin masu zuwa. Allah ne ya tsare, ba kowa a gabana. Na koma wajensa jikina yana rawa, ya ce shokozoba ne. Na saya. Ya ce tayoyi ne. Na saya. Ya ce to ai ni ne ban saba da rak ba. Har yau ɗin nan bai yarda aikinsa ba ne. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, akwatina na asali da na bar masa a gareji, lafiyayye, ashe ya sayar. Sai da na yi wata da watanni ina neman wani. Kuma da na samu na mayar, na canja robar nan da take haɗa sandar sitiyari da akwati, na canja damfar sitiyari, shi ke nan fa, wasan da ya kai ni wajensa tun farko ya tafi. Roba ce kawai. Roba! In na tuna yadda ya dube ni ya ce ban saba ba... to, bar wannan, ba shi muke yi ba.

Ina nake? Yawwa. In ka dage sai ka yi, to kai ka fi ni sa'a, domin motarka tana da ƙanwa. Fiat 126 da ta fito a 1972 a kan tsarin 500 aka gina ta, ƙafar gabansu kusan ɗaya ce, kuma wasu daga cikin na baya-bayanta sun zo da rak daga kamfani. Shi mutane suka fi ɗorawa a 500, kuma shi kaɗai zan ba ka shawara. Amma ba duk 126 ba, na farko akwati ne irin naka, kar ka sayi abu ba ka gani ba. Ka tabbatar kuma na ɓangaren da direbanka yake zama ne, hagu ko dama. Kar wani ya ce maka ai sai a kifa shi, in ka kifa rak ka murɗa dama taya ta tafi hagu. Haka ma in ka ɗauko wanda aka yi don ya zauna a gaban tsakiyar taya ka sa shi a baya. Wannan ya faru da mutane, ba labari ba ne.

Sannan mazauninsa. Duk ƙarfin da taya take turowa yanzu ta wurin nan zai shiga bodi, kuma motar nan ba ta da shasi daban, bodin ne komai nata, ga shekara sama da 50 a kanta. In ƙarfen wajen ya yi tsatsa, a fara yanke shi a sa lafiyayye, a ƙara masa faranti mai kauri. Akwai masu sayar da mazaunin a shirye, wanda aka riga aka auna, ya fi ka ƙirƙiri naka nesa ba kusa ba. Sandar sitiyari kuma ba za ta faɗa kan rak a miƙe ba, sai da gaɓoɓi masu kuros guda biyu, kuma kunnuwansu su daidaita da juna, in ba haka ba za ka ji sitiyari yana tauri yana saki a zagaye ɗaya. Kar kwanar kowace gaɓa ta yi tsanani, in ta haura wajen digiri 30 ka fara neman matsala.

Abu ɗaya da na roƙe ka don Allah: kar ka bari kowa ya sa wuta a hannun da tayarod yake kamawa a jikin taya, wai zai lanƙwasa shi ya daidaita, ko ya yanke ya yi walda. Ƙarfen nan in ya sha wuta ya canja hali, kuma ran da zai karye ba zai yi maka sallama ba. Tayarod ma ba a haɗa shi da walda.

Af, na manta, kafin ka kwance komai ka auna tafiyar sandar tsakiya daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, ka rubuta, ka gwada da tafiyar rak ɗin. In na rak ya gaza, motar da take juyawa a ɗan lungu za ta koma sai ka yi gaba ka yi baya. In kuma ya zarce, taya za ta goga bodi ko ta ja tiyon birki. Kuma ka shirya, rak yana dawo da dukan hanya zuwa hannunka fiye da akwati, duk ramin da ka faɗa za ka ji shi a tafinka. Nauyi kuwa, motar da ba ta wuce kilo 500 da 'yan kai ba kuma injinta yana baya, gabanta ba nauyi, in sitiyarinta ya yi tauri to giris ne babu ko iskar taya, ba akwati ba.

In an gama ɗaurawa, alamen a tsaye bai isa ba, shi ne ya yaudare ni. Ka ja zare a gefen tayoyin, ka auna gaba da bayan wili, ka rubuta. Sai mutum biyu su danne gaban motar ƙasa ka sake aunawa, sannan ka ɗan ɗaga bodin a jak ka sake. In lambar tana gudu sosai tsakanin ukun nan, kar ka hau titi, a koma a gyara tsayin rak ɗin da siraran faranti har ta tsaya. Kuma tsofaffin kayanka, akwati da sanduna da hannun rakiya, ka kwashe su ka kai gida da hannunka ranar da aka cire, kar ka bar su a gareji ko na dare ɗaya.

Amma tukuna, ƙanena, gobe ka yi abin da na ce da farko. Ka sa wani ya girgiza sitiyari, ka ɗauko mana bidiyon ƙarƙashin, musamman hannun nan na ɗaya ɓangaren da kimfin duka biyu, ka turo nan mu gani. Ka haska fitila sosai, na ɗazu da ka turo duhu ne ban ga komai ba.