Ciyawar da za ta rufe ƙasan tankin kifi mai ƙarancin haske

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: tankin gilashi mai cin lita 60, ƙaramar fitilar LED guda ɗaya, babu tukunyar CO2 (iskar da tsirrai ke buƙata don girma), kuma kana so ƙasan ya rufe kore shar kamar darduma ba tare da ɗawainiya mai yawa ba. Zai yiwu, in sha Allahu, in ka zaɓi shukar da ta yi daidai da ƙarfin fitilarka.

Da farko ka cire rai daga masu ƙananan ganyen nan da ke ɗaukar ido a hotuna, wato Hemianthus callitrichoides 'yar asalin Kuba, da Glossostigma. Sau biyu ina sayen ta farkon. Maimakon ta kwanta, sai ta riƙa miƙewa sama tana neman haske, gindin ya ruɓe, ta taso saman ruwa. Da na ƙara fitila, gansakuka ta mamaye gilashi da duwatsu. Sai daga baya na gane dalili: haske mai ƙarfi yana ƙara wa shuka yunwar CO2 da taki, in kuwa babu su, gansakuka ce ke morar hasken.

Wadda ta share mini hawaye ita ce Sagittaria subulata, 'yar nahiyar Amurka. Kamar ciyawa take, tana yaɗo ta ƙarƙashin yashi irin na kiri-kiri, 'ya'ya na ɓullowa nan da can. Ba ruwanta da CO2, tana jure ruwan rijiya mai yawan ma'adinai, kuma zafin bazara bai taɓa kashe mini ita ba, ko a ranakun da aka daɗe babu wuta. Ka raba ta ɗaya-ɗaya, ka dasa da hantsaki, tazarar yatsa biyu, kada ka binne wuyanta inda ganye ya haɗu da saiwa. Aibinta guda: a haske kaɗan takan yi tsawo, har ta haura santimita 10. A wajena ba matsala ba ce, ƙananan kifi suna son shiga cikinta.

In kana son wadda ta fi kwanciya ƙasa, nemi Marsilea hirsuta ta Ostiraliya. Za ta zo maka da ganye mai kunne huɗu, don a wajen ruwa aka raine ta. Waɗannan ganyen za su mutu, kada hankalinka ya tashi, kada kuma ka tumɓuke ta. Sababbin da za su fito a cikin ruwa gajeru ne, yawancinsu kunne ɗaya. Tawa ta ɗauki kusan wata biyar kafin ta haɗe, amma tun daga nan ban taɓa sa mata almakashi ba.

Cryptocoryne parva ta Siri Lanka kyakkyawa ce, sai dai nawarta ta yi yawa. In ba ka sayi da yawa tun farko ba, shekara za ta zagayo yashi na nan a fili. Java moss kuma, wata shuka marar saiwa, ana ɗaure ta a raga a shimfiɗa, amma tana tara datti, kuma idan ruwa ya kusa digiri 30 sai ta koma ruwan ƙasa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne saiwa. Waɗannan tsirrai, ban da Java moss, ta ƙasa suke ci. Ka zuba yashi mai ɗan kauri ya kai zurfin santimita 5, ka tura ƙwayoyin taki a ciki duk bayan wata biyu zuwa uku. Fitila awa 6 zuwa 8 ta isa, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ba ka faɗi kifin da kake da su ba: in akwai goldfish ko dangin karfasa, za su tone komai cikin kwana biyu. Ƙananan kifi irin su guppy da yawancin tetra ba sa taɓa shuka.

Da tankin nawa ne, Marsilea zan sa a gaba, Sagittaria a bayanta. Faɗa mini tsayin tankin naka, don in ya wuce santimita 40 hasken da ke isa ƙasa yana raguwa sosai, Sagittaria kaɗai zan ce ka saya.