Kar ka sa rai sababbin katuna za su rage shan wuta

Kana tambaya ko ka dakata da sayen katin girafik (na'urar da ke sarrafa hotuna da wasanni a kwamfuta) har na gaba su fito, ko za su fi sauri kuma su rage shan wuta tunda a kan inbata kake kunna kwamfutarka. Gaskiya ni dai ban ga amfanin jiran ba, sauri kam zai ƙaru amma wuta da wuya ta ragu musamman a manyan. Duba katunan kamfanin Nvidia mana, RTX 3090 ta 2020 wat 350 take sha, 4090 ta 2022 ta kai 450, sai 5090 da ta fito farkon 2025 ta haye 575 har su da kansu suka ce a haɗa ta da PSU (na'urar da ke ba kwamfuta wuta) mai wat 1000, wannan ai sai mai sola cike da rufin gida.

Sai dai fa in sun sauya fasahar ƙera cip ɗin zuwa ƙarama, nan ƙananan katuna kan ci riba, kamar lokacin da Nvidia suka bar masana'antar cip ta Samsung suka koma ta TSMC, 3060 tana shan wat 170 amma 4060 ta sauko 115 kuma ta fi ta gudu. To ko hakan zai faru a na gaba hasashe ne har yanzu. Ni abin da nake yi, ina shiga manhajar saita kati ta MSI Afterburner in rage iyakar wutar katina zuwa kashi 75, a wasa da ƙyar nake ganin bambanci, fanka ta daina ihu a zafin Afrilu, batir ɗina kuma yana kai ni tsakar dare.