Idan suga ya faɗi wa yaro a makaranta

Tambaya: Likita, a birnin Chicago na jihar Illinois, a Amurka, muke zaune. An ce makarantar ɗana mai ciwon suga za ta iya ba shi maganin gaggawa idan sugansa ya faɗi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya. Tun 2019 dokar jihar Illinois ta ba makarantu damar ajiye gulukagon, maganin da ke sa hanta ta saki sugan da ta tara. Amma sai takardar kula da ciwonsa mai ɗauke da umarnin likitansa tana wurinsu, don haka ki kai musu ita tun yanzu.

Tambaya: Allura ce kawai?

Amsa: A'a. Akwai Baqsimi, garin gulukagon da ake fesawa a hanci, wanda Amurka ta amince da shi a 2019. Ko an ba shi, a kai yaron asibiti.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Ɗalibata mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ta yi ta gumi da karkarwa, ta faɗi tana shure-shure. Aka ce iska ce, aka yi mata hayaki, aka ɗura mata rubutu. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, wannan ta tayar min da hankali. Yarinyar da ke kan insulin, in ta faɗi haka, a ɗauka suga ne ya sauka har sai an gwada. Da suga ƙwaƙwalwa ke aiki. In ya yi ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar gwajin suga sai gumi, yunwa, rawar jiki da ruɗewa su biyo baya. In aka bar ta, sai suma, kuma ana iya rasa rai. Hayakin me za a yi wa mai neman numfashi, don Allah? Ruwan da aka ɗura wa sumamme kuwa huhu yake tafiya. Cokalin da ake cusawa a baki ma haƙora yake karyawa. Ku yi addu'a, amma kuna kan hanyar asibiti.

In tana iya haɗiya, ku ba ta cokalin shayi uku na suga a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a ƙara, sannan ta ci abinci. Kada ku ji tsoro wai mai ciwon suga ce. A wannan lokacin sugan ne maganinta.

In ta suma, kada a sa komai a bakinta. Ku kwantar da ita a gefe, ku garzaya asibiti. Na sake faɗa: asibiti, ba gida ba.

A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa makarantu kula da ɗalibai masu irin wannan lalura. Ku ba sai kun jira doka ba. Ku zauna da iyayenta, a ajiye suga da lambar wayarsu a aji, kuma a bar ta ta ci abinci ko ana tsakiyar darasi.