Mutum nawa ne a ƙauyenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake a Ƙaramar Hukumar Soba. Ƙungiyarmu za ta rubuta takardar neman asibitin sha-ka-tafi, an ce sai mun faɗi yawan jama'armu. Ina za mu samo adadin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka neman sabon adadi a ofis. Rabon Najeriya da ƙidaya tun Maris ɗin 2006. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. A ta 2006, Jihar Kaduna ta tashi da mutum miliyan 6.1, amma alƙaluman da ke hannun jama'a a kan ƙananan hukumomi 23 suka tsaya. Yaron da aka haifa a makon ƙidayar yanzu ya isa aure.

Ga kuma wata matsala: inda aka tarar da mutum nan ake rubuta shi, Maris kuwa tsakiyar rani ne. Samarinku suna Zariya ko Kaduna cin rani, wasu acaba, wasu dako. A takarda sai ƙauye ya zama na tsofaffi da mata da yara.

Da can mai unguwa ya san kowane magidanci saboda haraji. Tun da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, wannan lissafi ya bi ruwa. Talaka ya huta, amma rajista ta mutu.

Ku ƙirga kanku. Ku nemi izinin dagaci, ku fita da damina lokacin da kowa ya dawo gona. Kada ku ƙirga ƙofar gida, tukunya za ku bi, domin zaure ɗaya kan ɓoye magidanta huɗu. A sa mata su shiga ciki. Namiji a zaure zai lissafa maka 'ya'yansa maza ya manta jaririyar da ke goye, uwa kuma kunya kan hana ta ambaton ɗan fari. Ku haɗa da rugagen Fulani na kewaye da baƙin da rashin tsaro ya koro, ai asibitin na kowa ne.

In kun gama, ku gwada da lissafin masu rigakafin shan inna, waɗanda ke rubutu da alli a bangon gidajenku. Ma'aikatan lafiya kan ɗauka cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne ɗaya cikin biyar na jama'a. Ku ninka adadin yaran da ke lissafin masu rigakafin sau biyar. In ya yi kusa da naku, ku rubuta, dagaci ya sa hannu.