Sai na rage jiki kafin a yi mini dashen ƙwan haihuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 36, kuma shekara tara ke nan da aurena ban taɓa samun ciki ba. An ba mu shawarar dashen ƙwan haihuwa da ake kira IVF, amma aka ce sai na rage jiki tukuna. Nauyina kilo 92 ne, tsayina mita 1.62. Da gaske ne ƙiba tana hana dashen kamawa? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba. Gaskiya aka gaya miki. Ma'aunin da likitoci ke gwada nauyi da tsayi, wato BMI, ya kai 35 a wurinki, alhali ana fi son ya kasance tsakanin 19 da 30 kafin dashe. Idan kitse ya yi yawa yakan rikita sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna, sai a buƙaci allurai masu yawa amma a samu ƙwai kaɗan, kuma ko cikin ya shiga, haɗarin ɓari da hawan jini da ciwon suga na masu ciki yakan ƙaru. Rama mai tsanani ma tana da nata cikas.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne shekarunki, domin ingancin ƙwai yana raguwa da sauri bayan shekara 35. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa jinkirta magani na wata shida don rage nauyi bai ƙara yawan haihuwa ba, ko da yake wasu matan sun samu ciki da kansu a lokacin. Saboda haka ki nemi likitanki ya yanke miki wa'adi, kada abin ya zama jiran gawon shanu.

Rage kilo biyar zuwa tara ma kawai kan daidaita al'ada. Ki rage lemon kwalba da sukarin fura da yawan tuwon shinkafa da dare, ki yawaita zogale da wake da kifi, ki riƙa tattakin rabin awa bayan Asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Idan kin taɓa shan magungunan ƙara ƙiba irin su "sha ka fashe", ki faɗa wa likita ba tare da kunya ba. A sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za ki iya neman a duba sugarki, shi ma maigida a gwada maniyyinsa.