Barista, ni kake nufi, na ji

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri murya zan yi, abin nan ba zai rubutu ba.

Hajiya, na ga tambayarki tun da hantsi, wai wane fim ne mutum ya san shirme ne amma yake laɓewa ya kalla. Tambaya mai kyau, Allah ya saka. Amma ba ita ta taso ni ba. Abin da Barista ya rubuta a ƙarƙashinta ne, wai "akwai masu digiri biyu a gidan nan da har yau a kan Indiyan fassara suke kwana," har da kawunan dariya. To Barista, mu nawa ne masu digiri biyu a gidan nan? Daga ni sai Dakta, shi kuwa Dakta ko labarai ba ya kallo. Saboda haka ni kake nufi, na ji, ga amsarka.

Da farko dai ni ba na laɓewa, wannan ka cire shi. A falo nake kallona, ƙofa a buɗe, uwargida ta wuce ta yi tsaki, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana tambaya ko an kashe bos ɗin. Mai laɓewa shi ne wanda da rana zai ce maka shi sai fim ɗin Amurka, wai labari mai ma'ana, da daddare kuma ya ja bargo ya rage murya. Mun san su. Wasunsu ma rigar lauya suke sawa.

Abu biyu kuke haɗawa, shi ya sa maganar ba ta fita. Akwai fim ɗin da ya lalace saboda masu shi sun yi ganda, akwai kuma wanda ya lalace saboda zuciyarsu ta fi ƙarfinsu, sun ɗauko abin da ba zai yiwu ba kuma suka yi shi da gaske, ko murmushi babu. Na farkon ni ma ba na kallo. Na biyun kuwa, wallahi ko gobe.

Bari in ba ku misali, kuma Dakta ka saurara don a fagenka ne. Amar Akbar Anthony, 1977, na Manmohan Desai. Duk wanda ya kai shekarunmu ya gan shi. Yara uku 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suka rabu tun suna ƙanana, ɗaya ɗan sanda Bahinde ya riƙe shi, ɗaya tela Musulmi, ɗaya fada na coci. Uwar ta makance. Bayan sun girma aka kwantar da ita asibiti tana buƙatar jini, sai ga su su ukun, Vinod Khanna da Rishi Kapoor da Amita, ba wanda ya san wani, ba wanda ya san uwarsa ce. Aka kwantar da su a jere a kan gadaje uku. Aka soka wa kowa allura. Jinin nan ya bi roba ya hau sama, sama fa nake gaya muku, ya taru a kwalba ɗaya da ke rataye, sannan ya gangaro ya shiga jikin tsohuwa. Kai tsaye, da ɗuminsa, ana waƙa a kai. Dakta don Allah, a wane asibiti jini yake hawa bene da kansa? Mun sani. Tun muna firamare mun san ruwa ba ya hawa tudu. Amma ka nuna min wanda ya kalli wurin nan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba. Kuma ba a nan aka tsaya ba, can gaba idon tsohuwar ya buɗe a wurin bautarsu, haske ya fito daga gunki ya shige mata ido. Ba tiyata, ba tabarau. Shi mai fim ɗin bai damu da ko zai yiwu ba, abin da yake so kawai ka ji cewa jini ba ya ɓuya, kuma ka ji. To ni wannan ba na jin kunyarsa.

Kuma abin nan ba mu muka fara ba. Yayyenmu da iyayenmu maza su suka cika gidajen silima na Kano, Plaza da Wapa a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da El Dorado a Sabon Gari, da Marhaba. Yawancin dararen mako Indiya ake sawa, na Caina da na Amurka sai dai su samu dare ɗaiɗai. Ba fassara a lokacin, ba wanda yake jin Indiyanci, amma mutum zai fito ya zauna a dakali ya ba ka labarin fim tun daga fari har ƙarshe, har da abin da bos ya ce a ransa. Su suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor suka ce masa Mace, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Waɗannan mutane yau su ne dattawan unguwa, wasu suna sahun gaba. Ka je ka ce musu ba su da hankali.

Yauwa, ina nake... fassara. Barista, abin da ba ka gane ba game da fassara shi ne, ba fim ɗaya kake kallo ba, biyu ne a haɗe. Akwai wanda Indiyawa suka yi, akwai wanda mai fassara ya ɗora a kai. Su Algaita da sauran masu wannan sana'a, ai ba Indiyanci suke juyawa kalma da kalma ba. Mutum yana tsaye a tsakiyar Haidarabad da gashin baki kamar tsintsiya, ya buɗe baki sai ka ji yaron Fagge, da baƙar magana, da karin magana, da zagin da ba zagi ba. Yaran bos kuwa kowa da irin muryar da aka ba shi, wani a shaƙe, wani kamar mai mura. Kuma yawanci ba finafinan Bombay ba ne ma, na kudancin Indiya ne, Telugu da Tamil, inda jarumi in ya taka ƙasa sai ƙura ta tashi, in ya naushi mutum ɗaya sai ya tafi da mutum shida da teburin mai shayi. Akwai na Chiranjeevi, Alluda Majaka, 1995, inda yake gudu a kan doki babbar mota ta tare hanya. Ni da kai da sai mu ja linzami. Shi kuwa sai ya kwantar da dokin a kan kwalta, shi da doki suka sulale ta ƙarƙashin motar suka fito ta ɗaya gefen, doki ya miƙe aka ci gaba da gudu. Injiniya, kai ka karanta lissafi, ka yi mana bayani. Ranar da na nuna wa yarana wurin nan, ƙaramin sai da ya faɗo daga kujera, ya ce Baba a mayar. Aka mayar. Aka sake mayarwa.

To Barista, ka ga inda daɗin yake. Fim mai kyau, irin wanda kake yabo, shiru yake sa ɗaki. Kowa ya kame, in yaro ya yi tari a harare shi. Shi kuwa wannan, kowa malami ne a kansa. Wannan ya ce yanzu za ta faɗo ya cafe ta, wancan ya ce ƙarya ne sai an yi ruwan sama tukuna, uwargida ta ce wannan mai tabon shi ne uban. Kuma duk a canka daidai. Ba ka jin tsoron a katse ka, in ka tafi alwala ka dawo ba abin da ya wuce ka. Garau-garau ne, Barista. Ba wanda zai kai shi gidan biki, amma da azahar ka je ka ga motocin da ke tsayawa ana aiken direba da kwano.

Sannan akwai wani abu, kuma kai ya kamata ka fi kowa ganewa. A fim ɗin nan, in azzalumi ya ƙwace gonar talaka a farko, na san kafin awa uku ta cika za a karya masa ƙafa a gaban jama'a. Tabbas ne. A wurinku fa? A ɗage zuwa wata mai zuwa, a ɗage alƙali ya tafi taro, a ɗage fayil bai iso ba, har mai gonar ya rasu 'ya'yansa su gaji shari'ar. Mutum ya wuni yana ganin wannan, ya dawo gida ka ce ya zauna ya kalli fim mai ma'ana inda azzalumi yake cin nasara a ƙarshe don wai haka rayuwa take? Na san haka take, ai daga cikinta na dawo.

Malam, na san kana ji, na san za ka ce duk lagwu ne da ɓata lokaci, ga raye-raye. Ban ja da kai ba, Allah ya gafarta malam, wuraren waƙa ma turawa gaba nake yi in yara suna nan. Wannan zance ne daban, mu bar shi sai mun haɗu.

Barista, su turawan da kake ji da su ma ai suna yi, har sun fi mu. Akwai fim a Amurka, The Room, 2003, wani Tommy Wiseau ya yi shi, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi, ya zuba kusan dala miliyan 6. Kowa ya yarda ba a iya fim ɗin ba. Amma har yau ana nuna shi a silima da tsakar dare, mutane su sayi tikiti su zo da cokulan roba suna jifan allo suna amsa wa 'yan wasa magana. Su in sun yi, al'ada ce. Mu in mun yi, digirinmu ake tambaya. A Yuganda, a unguwar Wakaliga ta Kampala, Nabwana ya yi Who Killed Captain Alex a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba, jirgin yaƙin ciki da kwamfuta aka zana, ana gani an san zane ne, kuma akwai mai surutu a kan fim ɗin yana tsokanar 'yan wasa, kusan irin abin da masu fassararmu suke yi. Duniya ta kalla ta yaba.

Mu dawo gida. Lokacin da 'yan sentimental, masu finafinan soyayya, suke raina 'yan camama, masu na barkwanci, wai fim ɗin kwana biyu ne, kyamara ɗaya, ƙauye ɗaya, wa yake sayuwa a Ƙofar Wambai? Ibro. Allah ya jiƙan Rabilu Musa, tun Disambar 2014 ya rasu amma har yau ka shiga motar haya ka ga wani yana kallonsa a waya yana dariya shi kaɗai. Wani lokaci kana hango inuwar mai ɗaukar hoto, kana ganin yaran unguwa sun taru a baya suna leƙe, gemun da aka manna wa tsoho ya fara saki ta gefe. Ba wanda ya damu, don mutumin yana fitowa kafin ya yi magana an fara dariya.

Wanda ba na yafewa shi ne na ganda. Irin masu dogon zangon nan da ake zubawa a YouTube, ba duka ba, kar a ce na ce, amma kun san irin waɗanda nake nufi. Mota ta taho, a nuna maigadi ya fito, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, mota ta shiga, a yi fakin, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo. Sannan a fara gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya muka ji da zafi. Minti goma ta tafi, datata ta tafi, ba a ce komai ba, sai kuma a rubuta mu haɗu mako mai zuwa. Wannan ba shirme mai daɗi ba ne, wannan cin amana ne. Gara min dokin da ya bi ta ƙarƙashin mota, aƙalla wani ya sha wahala, dokin ma ya sha.

Kuma tunda abin tonon silili ne, Barista, wa ya karɓi kaset ɗin Disco Dancer da na yi haya a shagon bakin layinmu muna aji uku? Ka ce dare ɗaya, yayarka ce take so. Yayarka tana gidan miji a lokacin, a wani gari ma. Bidiyonku ya tauna shi. Maimakon ka faɗa, sai ka kwance shi da sukundireba, ka yanke inda ya tauna, ka liƙe da jan farcen ƙanwarka, ka naɗe ka kawo min kana wani sunkuyar da kai. Na mayar, mai shago ya saka a gabana, Mithun yana cikin rawa sai hoto ya yi tsalle aka gan shi yana kuka, waƙa guda ta ɓace. Kuɗin tarar nan daga kuɗin makarantata ya fita, na sha bulala a gida ban ambaci sunanka ba. Kuma ranar da muka kalla tare a ɗakinku, inda uwar ta kama jitar nan lantarki ya ja ta, wa ya tashi ya ce zai duba ko an rufe ƙofar gida? An rufe tun magariba, ni na rufe ta. Injiniya yana wurin, in ƙarya nake ya yi magana.

Hajiya, amsarki dai a taƙaice, duk wanda jarumi yake da gashin baki kuma mota take tashi sama, ki sa sunana. Barista kuma kuɗin kaset ɗina, da lissafin canjin yau nake so, Injiniya zai buga mana. Shugaba kar ka goge muryar nan.