Amsa: Na haura arba'in, komai ya fita raina

Malam, ka ce kana da gida da iyali da shago, amma komai ya fita ranka, kana tambaya ko rashin godiyar Allah ne. A'a, ba shi ba ne. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan da ya rasu a 1961, ya kwatanta rayuwa da tafiyar rana: abin da mutum ke bi da hantsi, kuɗi da suna, ba ya ƙosar da shi da la'asar, wato bayan ya haura arba'in. A lokacin ne abin da ka danne tun ƙuruciya yake taso maka. Alƙur'ani ma ya ambaci shekara arba'in a Suratul Ahƙaf, aya ta 15.

Ni ya same ni ina da 43. Sai in rufe shago in zauna cikin mota, makulli a hannu, in rasa inda za ni. Karatun zaure da na yasar tun ina yaro na koma wa, wurin wani malami a unguwar Gidadawa da ke Sakkwato, sannan hankalina ya fara kwanciya. Amma in barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga har mako biyu, ko kana tunanin cutar da kanka, don Allah ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato likita ya duba ka.